Kalmar "Slick" ta Ingilishi da Matsalar Santsin Salo a Nazarin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa karantar da fassara ko nazarin salo ya san cewa kalmomin suka sun fi na yabo wuyar juyawa daga wani harshe zuwa wani. Dalili kuwa shi ne, kalmar da ake kushe aiki da ita takan taho da al'adar masu harshen, kuma abin da wata al'umma ke ƙyama ba lalle ne ya zama shi wata ke ƙyama ba. Wannan maƙala za ta ɗauki kalma ɗaya tak ta Ingilishi, wato "slick", wadda masu sharhi kan jefi aikin da gyara ya yi wa yawa da ita. Za a dubi asalinta da yadda ake amfani da ita, a gwama ta da "léché" ta Faransanci, sannan a nemi takwararta a Hausa. Daga bisani za a gwada abin da aka samu a kan wani aiki da ɗalibanmu ke yi kullum, wato juyar da maganar baka zuwa rubutu, musamman maganar da ake ɗaukowa daga wurare irin su Korahane, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi.

Ra'ayin da maƙalar ke son karewa shi ne, aibin da "slick" ke nunawa daban yake da yawan ado. Guga ce da ta yi yawa har ta kawar da abin riƙo. Hausa tana da kalmomi birjik na sukar yawan ado, amma nazarin adabinmu bai tsayar da sunan wannan aibi na biyu ba, shi ya sa sau da yawa muke aikata shi muna ɗauka gyara muke yi. Batun ya ƙara nauyi tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Rubutun Hausa na hukuma zai yawaita, masu tace shi ma za su yawaita, kuma galibinsu daga azuzuwanmu za su fito.

2.0 Asalin kalmar da ma'anoninta

2.1 Ma'anar zahiri

Kalmar ta samo asali daga wani aikatau na tsohon Ingilishi mai nufin a goge abu har ya yi sumul. Tana da tagwaiyarta, "sleek", wadda ta rabu da ita wajen furuci a ƙarni na 16. Abin lura a nan shi ne yadda tagwayen suka raba gado. "Sleek" ta tafi da yabo, ana faɗinta ga gashin ƙosasshen doki ko jikin sabuwar mota. "Slick" kuwa ta tafi da zamewa. Ana faɗinta ga hanyar da ruwan sama ya jiƙa, da malalar man fetur a kan teku, da kuma tayar motar tsere wadda ba ta da zane ko kaɗan. Wannan taya ta ƙarshe ta ƙunshi labarin kalmar gaba ɗaya: a busasshiyar kwalta babu wadda ta fi ta gudu, amma da zarar ruwa ya sauka sai ta kwashe direba.

2.2 Ma'anar aro

Daga hanya da taya sai kalmar ta koma kan mutum. Ana kiran dillali ko lauya ko ɗan siyasa da ita idan bakinsa ya iya magana fiye da yadda zuciya za ta amince da shi. A farkon ƙarni na 20 mutanen karkarar Amurka suka riƙa kiran wayayyen baƙo mai tsaf-tsaf "city slicker", wanda bai da maraba da abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce wane ɗan birni ne. Haka kuma a 1980 wani ɗan jarida na jihar Arkansas mai suna Paul Greenberg ya laƙaba wa Bill Clinton sunan "Slick Willie", sunan da ya bi shi har yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 1992. Ba a ce mutumin ya yi ƙarya ba. An ce dai ba ya kamuwa, ko ta ina ka riƙe shi sai ya sulluɓe.

Shigar kalmar cikin nazarin adabi ta biyo ta kan takarda. A shekarun 1930 a Amurka akwai mujallu iri biyu masu buga gajerun labarai. Akwai waɗanda ake bugawa a kan takarda mai arha mai kaushi, akwai kuma irin su Saturday Evening Post da Collier's da ake bugawa a kan takarda mai tsada mai sheƙi, waɗanda aka riƙa kira "slicks". Sannu a hankali sifar takardar ta zama sifar rubutun da ke cikinta, wato labari mai tafiya sumul, wanda aka auna shi daidai da son mai saye, babu inda zai tsaya wa mai karatu a maƙogwaro. Marubuci F. Scott Fitzgerald ya sayar wa Saturday Evening Post labarai masu yawa, kuma masu sharhi sun daɗe suna raba ayyukansa gida biyu, na kasuwa da na zuciya, bisa wannan ma'auni. Daga nan kalmar ta yaɗu zuwa sharhin fim da kiɗa da talla.

2.3 Fuska biyu

Har yau kalmar ba ta rasa fuskar yabo ba. Mai sharhin ƙwallon ƙafa yakan yaba wa ƴan wasa da ita idan ƙwallo na yawo tsakaninsu ba tangarɗa, haka ma akan yabi na'urar da ke aiki ba gargada. Idan aka tattara wuraren da take fitowa za a ga wata ƙa'ida. Duk inda abin da ake nema ga aiki shi ne ya gudana kawai, kalmar yabo ce. Duk inda ake neman gaskiya ko shaidar cewa mutum ne ya yi magana daga zuciyarsa, kalmar zargi ce. Ashe ke nan ba yawan ƙwarewa ake suka ba. Ana zargin ƙwarewar ne da cewa ta tsaya a gurbin wani abu da ya kamata a samu amma babu shi.

3.0 "Léché" ta Faransanci

Ɗalibinmu yakan ratsa ta Faransanci kafin ya iso Hausa, kuma kalmar da ta fi saurin zo masa ita ce "léché", daga aikatau mai nufin lasa. Tsofaffin Turawa sun ɗauka cewa dabbar nan "ours" tana haihuwar ɗanta ba siffa, sai ta yi ta lasarsa har ya yi kama, shi ya sa har yau Faransawa ke kiran bagidajen mutum wanda ba a lashe da kyau ba. A fagen zane kuwa kalmar ta zama suka. A ƙarni na 19 an yi ta jifan masu zane irin su Bouguereau da Gérôme da ita, saboda sukan goge hoto har sawun burushi ya ɓace. Masu zanen da suka yi baje kolinsu na farko a Paris a 1874, waɗanda aka sani da "impressionnistes", sun bar sawun burushin a fili da gangan.

Sai dai kalmomin biyu ba su faɗa wuri guda ba. "Léché" tana kallon mai aikin, tana cewa ya daɗe a kai, ya kasa ɗauke hannu. Akwai ma ɗan tausayi a cikinta, domin al'adar rubutun Faransa tun daga Boileau a 1674 tana horon marubuci da ya yi ta komawa kan aikinsa yana gogewa, don haka mai "léché" ɗalibi ne da ya wuce gona da iri wajen bin umarnin malam. "Slick" kuwa tana kallon wanda aka yi aikin dominsa, tana gargaɗinsa da ya yi hattara. Ana iya yin aiki "slick" cikin sa'a guda idan hannu ya saba, amma ba a yin "léché" sai da ɓata lokaci. Wanda ya fassara ta farko da ta biyu ya zubar da zargin, alhali zargin shi ne ran kalmar.

4.0 Neman takwara a Hausa

Kalmomin Hausa da suka kusanci wannan fage ana iya kasa su gida huɗu.

Kashi na farko su ne na ƙari: ƙaƙale, ƙyale-ƙyale, sanabe, iyayi, feleƙe. Dukansu suna sukar abin da aka ɗora a kan aiki ba tare da bukata ba, ko don burgewa. Marubucin da ya jera karin magana biyar inda ɗaya ta isa, ko ya cusa kalmomin Larabci don a san ya yi karatu, ƙaƙale ya yi. Wannan aibi a fili yake, kuma maganinsa ragi.

Kashi na biyu su ne na rufi: kwaskwarima, da kuma abin da ake kira kitso da kwarkwata. A nan akwai wata ɓarna takamaimiya da aka lulluɓe, wadda za a iya tonowa a nuna. Sun ɗauko zargin da ke cikin "slick", amma sun fi ta kaifi, domin aiki yana iya zama "slick" ba tare da akwai kwarkwata ko ɗaya a ƙarƙashinsa ba. Wani lokaci babu komai ne a ƙarƙashin.

Kashi na uku su ne na baki: daɗin baki, zaƙin baki, romon baka, lasa wa mutum zuma a baki. Waɗannan su suka fi dacewa idan mutum ake sifantawa. Abin sha'awa a nan shi ne, inda Bature ya sa yaudarar magana a fagen taɓawa, Bahaushe ya sa ta a fagen ɗanɗano. Amma ba a cewa littafi ko fim ya yi daɗin baki sai da ƙarin bayani.

Kashi na huɗu su ne na jikin abu: sheƙi, ƙyalli, sulɓi, santsi. Sheƙi da ƙyalli ba su ɗauke da zargi a al'adarmu. Misali mafi kusa shi ne turkuɗi, wanda ake rinawa a buga a garin Kura ta ƙasar Kano, Abzinawan Dakwaro da na Azawak da Abzin su saya da tsada su naɗa. A mabuga ana zuba masa garin baba a yi ta dukansa har ya riƙa walƙiya, kuma kowa ya san shunin zai zauna a fatar mai shi. Babu wanda aka ruɗa, sheƙin shi ne hajar. Haka kuma "gogagge" yabo ne ga malami ko ɗan kasuwa. Saboda haka wanda ya fassara "slick" da "mai sheƙi" ko "gogagge" ya mai da suka yabo.

Saura santsi. Ita ce kaɗai ke da fuska biyu irin na kalmar Ingilishi. Akan yabi fata ko daɓe da santsi, amma kuma santsi ne ke kwashe mutum a bakin rijiya, kuma igiyar guga idan ta yi santsi sai ta zame daga hannun mai ja. Mafi dacewa da batunmu shi ne dutsen niƙa. Yawan aiki yakan cinye kaushinsa har fuskarsa ta yi sumul, a ido ya fi sabo kyau, amma hatsi sai ya riƙa zamewa a kai ba ya niƙuwa, dole a sassare fuskar a maido mata da kaushi. Bisa wannan ne muke ba da shawarar a riƙa cewa "salo mai santsi", ko "santsin salo", a nazarin adabi.

Ya kamata a bambanta shi da nau'o'in salon da ɗalibai suka saba da su daga ayyukan Abdulƙadir Ɗangambo. Ba miƙaƙƙen salo ba ne, domin miƙaƙƙen salo yana isar da saƙo kai tsaye, kuma saƙon na nan. Ba kuma raggon salo ba ne, domin raggon salo yana gundurar mai karatu, shi kuwa mai santsi daɗin karatu gare shi. Ya fi kama da salo mai armashi a ido, kuma a nan hatsarinsa yake. Alamominsa uku ne: ba a gane wanda ke magana ko inda ya fito, ba a ganin inda mai maganar ya yi shakka ko ya dakata, kuma bayan an gama karatu, idan aka nemi abin da ya rage a hannu sai a tarar babu.

5.0 Gwaji: juyar da maganar baka

Korahane ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Dakwaro, gundumar da kwarin Tarka ya ratsa, inda manoma Hausawa ke zaune tare da makiyaya Fulani da Abzinawa. Hausar wannan yanki tana cikin rukunin karin harshen yamma da arewa, dangin Gobiranci da Adaranci, ba kuwa abin mamaki ba ne tun da Birnin Lalle, ɗaya daga tsofaffin biranen sarautar Gobir, a cikin gundumar take. Ɗalibin da ya ɗauko hira daga can yakan dawo ya zauna ya rubuta ta, kuma a nan ne santsi ke shiga, ta ƙofa biyu.

Ƙofa ta farko ita ce ta nahawu. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan Kananci, aka kuma yi ta daidaita rubutunta a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, ita ɗalibi ya koya a matsayin "daidai". Don haka hannunsa da kansa yake mai da munka da sunka su koma muka da suka, shina ya koma yana, wanga ya koma wannan, hwara ta koma fara. Wani zai ce ai ma'ana ba ta canja ba. To a dubi waɗannan misalai da muka tsara:

(1) Musa ya tahi.
(2) Musa yat tahi.

Jimla ta (1) labari ce kawai. Jimla ta (2) kuwa tana nuna cewa Musa ne, ba wani ba, ya tafi, ko kuma tana cikin jerin aukuwar labari. A Kananci tsawon wasali ne ke raba su, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Idan aka "gyara" su, duka biyun sai su zama "Musa ya tafi". Ke nan karin harshen ya nuna a rubuce wani bambanci da daidaitaccen rubutu ke haɗiyewa, mai gyara kuma ya shafe shi yana ganin ya kyauta. Wanda ya duba aikin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar zai ga yawan abin da nahawu ke samu idan aka bar irin waɗannan siffofi yadda aka furta su.

Ƙofa ta biyu ta fi hatsari, ita ce ta ƙananan kalmomin da mai tacewa ke ɗauka shara ce: to, wai, an ce, ni dai, ka ji, da maimaici, da dakatawa. Yankin Dakwaro yana bakin iyakar noma da kiwo, iyakar da dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata, kuma tun bayan dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 kwamitocin kula da filaye suna dogara ƙwarai da shaidar dattawa wajen tantance burtali da makiyaya da rijiyoyi. A ɗauka wani dattijo ya ce:

(3) To, wai ta nan burtali yab bi. Haka munka ji ga uwayenmu. Ni dai ban gani ba, amma an ce har bakin rijiya yak kai.

Mai tacewa kuma ya rubuta:

(4) Burtalin ya bi ta nan har zuwa bakin rijiya, kamar yadda tarihi ya tabbatar.

Jimla ta (4) ta fi gajarta, ta fi daɗin karatu, ta kuma fi sauƙin juyawa zuwa Faransanci a shafin da ke fuskantarta. Babu ƙaƙale a cikinta ko kaɗan, hasali ma ragi aka yi. Amma dattijon ya yi taka-tsantsan har sau huɗu: ya ce wai, ya faɗi wurin wanda ya ji, ya ce bai gani ba, ya sake cewa an ce. Ya raba abin da ya gani da abin da ya ji, wanda shi ne ainihin ladabin mai ba da shaida. Rubutun ya ɗauke wannan duka ya sa masa tabbacin da bai yi ba. Alamomin nan uku sun cika: ba a san mai magana ba, shakka ta ɓace, kuma manazarcin tarihi ko alƙalin da ya zo neman abin riƙo ba zai san nauyin da zai ɗora wa maganar ba. Idan irin wannan takarda ta shiga rikicin manomi da makiyayi, kuskuren salo ya zama zalunci a kan wani.

Abin lura kuma shi ne, waƙa ta tsira daga wannan. Masu rubuta waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa ba su cika taɓa sunka da anka ba, domin kari zai karye nan take kunne ya kama su. Maganar zube ba ta da karin da zai tsare ta, sai amanar mai rubutawa.

6.0 Abin da za a iya cewa

Za a iya yi wa wannan ra'ayi suka ta fuska biyu. Ta farko, a ce muna yaƙi da daidaitacciyar Hausa a daidai lokacin da ƙasa ta fi bukatarta. Ba haka ba ne. Littafin makaranta da dokar ƙasa da sanarwar asibiti suna cikin ayyukan da ake so su gudana kawai, kuma a can santsi yabo ne, kamar yadda aka nuna a 2.3. Wannan maƙala ma da daidaitacciyar Hausa aka rubuta ta. Inda muke jan kunne shi ne inda rubutu ke da'awar cewa muryar wani ce.

Ta biyu, a ce muna ɗaukaka kaushi, muna ba malalacin ɗalibi hujjar ƙin gyara aikinsa. Wannan ma ba haka ba ne. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar tsakanin 1937 da 1939, aiki ne da ya sha gyara, amma ba mai karanta shi ya rasa jin muryar aku daban da ta waziri daban da ta sarki. Gyaran da aka yi masa ya fito da muryoyin ne. Kaushin da aka ƙirƙira don burgewa kuwa, kamar marubucin birni ya yayyafa wanga da shina a bakin ɗan ƙauye don a yi dariya, wannan ya koma kashi na farko, ƙaƙale ne. Ma'aunin dai ɗaya ne: a tambayi kowane gyara me ya cire, kuma wa zai nemi abin nan gobe ya rasa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa "slick" tana sukar gugar da ta cinye abin riƙo, tana kuma ɗauke da zargi, abin da ya raba ta da "léché" ta Faransanci da ƙaƙale ta Hausa. Wajen fassara muna ba da shawarar a bi muhalli: ɗan birni ko mai daɗin baki ga mutum, kwaskwarima inda akwai ɓarnar da aka rufe, sumul ko ba tangarɗa inda yabo ake nufi, sannan salo mai santsi ga aikin adabi da na fasaha. Wajen juyar da maganar baka kuwa, muna roƙon masu duba kundayen ɗalibai su nemi abu uku: a rubuta hira da karin harshen mai ita, a bar kalmomin shakka da na jingina magana a inda suke, kuma idan an ga bukatar daidaitaccen rubutu a sa shi a gefe, kada ya maye gurbin na asali. Sauran aiki shi ne a bi kalmomin kashi na farko ɗaya bayan ɗaya, a ji yadda masu magana a Maraɗi da Damagaram da Tawa ke bambanta ƙaƙale da sanabe da iyayi, domin a nan ma akwai abin da nazarin salo zai ƙaru da shi.